Tef ɗin Baba da Keken Inna

A ƙarshen layinmu akwai wani bene da mai shi ya gina hawa biyu ya tsaya, yau shekara tara ke nan. Ba rufi, ba ƙofa, sai ƙarafuna da suka miƙe sama sun yi tsatsa. Mu dai ba mu taɓa yi masa addu'ar ya gama ba, domin a duk unguwar nan saman benen nan ne kaɗai waya ke kama sabis na kirki. A ƙasa za ka iya kira a ji ka, idan ka tsaya jikin taga ka karkace wuya. Amma buɗe shafi ko sauke hoto, sai ka hau. In ka zo da hantsi ko da yamma za ka tarar da mutane sun jeru a kan bulo, kowa ya ɗaga waya, ba mai yi wa wani magana. A cikinsu wani lokaci za ka ga dattijo mai furfura, fensir a bayan kunne, ƙurar katako a gira. Wannan mahaifina ne. Duk wanda ya san shi shekara biyu baya, in aka ce masa Baba zai hau benen nan don ya sayi abin da hannunsa bai taɓa ba, sai ya ce a kai mai maganar asibiti.

Baba kafinta ne, shekara arba'in da 'yan kai yana wannan sana'a. Shagonsa ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba, bencin aikinsa ya girme ni. Ya fara tun yana share garin katako a shagon wani, har ya kai ga cewa rabin ƙofofin unguwarmu shi ya rataya su. Ba ya sayen katako sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya shinshina, ya ɗaga gefe guda ya rufe ido ɗaya ya duba ko ya lanƙwasa. Kuma ba katako kaɗai ba. Rakiyar Baba kasuwa horo ne: cokali ma sai ya gwada lanƙwasa shi kafin ya biya. Yana da tef ɗin awo na ƙarfe guda ɗaya, wanda kansa ya taɓa karyewa tun ban shiga makaranta ba, ya gyara da hannunsa ya ci gaba da aiki. Sau uku ina sayo masa sabo, sau uku yana yin godiya ya bayar da shi kyauta.

Ni ce babbar 'yarsa. Ina koyarwa a makarantar firamare, shi ya sa yake kira na Malama, musamman idan yana so ya tsokane ni. Kowa ya shaida ban gaji haƙurinsa ba. Bakina na Inna ne, mahaifiyata.

Inna tela ce, a gida take ɗinki. Mace ce mai jiki, mai dariyar da ake jiyowa daga layi na biyu. Da yamma takan fito ƙofar gida da kujera 'yar tsugunne da allura tana ɗinkin bakin zane, kuma ba wanda zai wuce bai sha tambaya ba: ina za ka, ya jikin uwarka, wa ya ɗinka maka wannan rigar da ta fi ƙarfinka. Wata safiya tana zura zare a allura sai allurar ta faɗi, ita ma ta bi ta. Shanyewar ɓarin jiki, na hagu. Ta yi sati uku a asibiti, muka dawo da ita a mota, maza biyu maƙwabta suka taimaka aka shigar da ita ɗaki. Da suka fita ta yi kuka, ba don ciwo ba. Maganarta ta koma a hankali, kalma ɗaya sai ta huta, amma na gane abin da ta ce: kada a sake bari maza su ɗauke ta kamar buhu.

Ɗakinsu na haya ne, a can ƙuryar gidan, kuma ƙofarsa matsattsiya ce. Katangar siminti ce, bakin ƙofar kuma ƙarfe ne da aka dasa a ciki. Baba ya je wajen mai gidan ya roƙa a bar shi ya faɗaɗa, ya ce shi zai yi aikin, shi zai gyara. Mai gidan ya ce katangar ita ke riƙe da rufin, ba ya so a taɓa masa gini. Na so in je in wanke shi tas, Baba ya hana ni, ya ce mutumin gaskiya ya faɗa, shi ma ya duba ya gani. Na ce to a tashi daga gidan. Inna ta girgiza kai. Shekara talatin tana layin nan, a kai ta inda ba ta san kowa ba, me ke nan aka yi?

Shagon kayan asibiti ɗaya ne a garinmu, kuma keken marasa lafiya iri ɗaya ne a cikinsa, mai faɗi sosai. Baba ya tafi da tef ɗinsa. Ƙofar ɗakin Inna ta ba shi inci ashirin da huɗu, keken ya ba shi ashirin da bakwai. Mai shagon ya ce wannan ne ake kawowa, kowa shi yake saye. Baba ya yi masa godiya ya dawo.

Sai ya ce ai shi kafinta ne. Ya yi kwana biyar yana haɗa kujera, ya sa mata ƙananan tayoyi da ya ciro daga wata tsohuwar kujerar ofis. Ta yi kyau, ba ƙarya, har da wurin ɗora ƙafa. Muka ɗora Inna a kai, ni da shi, ya tura. Kujerar ta shige ƙofa lafiya, sai ƙananan tayoyin suka ci karo da dokin ƙofa, ta kife. Inna ta faɗi a kan ɓarin da ba ya motsi, goshinta ya fashe. Baba ya yi maza ya ɗago ta. Washegari ya ɗauki kujerar ya mayar shago ya wargaza ta.

Daga nan Inna ta daina maganar fita. Wata ya bi wata, har goma sha ɗaya. Mata suna zuwa dubiya, sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, kowa da hidimarsa. Ta daina tambayar wa ya wuce. Ta daina gyara mini ɗaurin ɗankwali da ido. Yawancin yini fuskarta na kallon bango. Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa duba ta ta ja ni gefe ta ce jikin yana sauƙi, amma zuciyar ce take kwanciya, in ba a fitar da ita ta ga mutane ba, magani ba zai yi komai ba. Abin da nake tsoro ke nan ban iya faɗa ba: kada Inna ta mutu a ɗakin nan ba ta sake ganin titi ba.

Ma'aikaciyar jinyar ce kuma ta ce mini akwai keke siriri da ake yi don irin waɗannan ƙofofi, amma ba za a same shi a nan ba, sai dai a intanet. Ni kaina ban taɓa sayen ko allura ta waya ba. Data tsada gare ta, sabis kuma sai an hau bene, to wa zai ƙona datarsa wajen kallon kayan da ba zai iya taɓawa ba? Amma abin da ya kori ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Na tashi daga makaranta na wuce benen kai tsaye, na zauna a kan bulo, na rubuta abin da nake nema. Shafin ya yi ta juyawa, ya buɗe rabi, ya tsaya. Na ɗaga hannu sama har kafaɗata ta gaji, sannan hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kekuna ne iri-iri, kowanne an rubuta faɗinsa a ƙasa. Na ɗauki hoton kowane shafi na adana, domin na san ina sauka komai zai ɓace.

Na sami Baba a shago yana goge ƙafar tebur. Na miƙa masa wayar. Ya goge hannu a riga, ya duba, ya miƙo mini.

"Malama, ba a cinikin biri a sama."

"Baba, birin da ke ƙasa ai ka auna shi, bai shiga ba."

"Wa ya san ƙarfen da suka yi shi da shi? Hoto ai ba ya nauyi. Ki ba mutumin da ba ki san fuskarsa ba kuɗi, in ya turo miki gwangwani, ƙofar wa za ki buga?"

Na ce ba sai an biya ba tukuna, akwai waɗanda sai kaya ya iso hannunka ka biya, in bai yi ba kuma ka mayar cikin kwana bakwai. Ya ce haka suka rubuta. Na ce haka suka rubuta. Ya ce shi ma zai iya rubutawa a allon shagonsa cewa gara ba ta cin katakonsa. Raina ya ɓaci, na ce masa to mu zauna mu zuba ido, tunda mun fi son ta ruɓe a ɗaki da a ce an cuce mu. Ina faɗa na yi nadama. Bai ɗago kai ba, ya ci gaba da gugar ƙafar teburin da ta riga ta yi santsi.

Kwana biyu ba mu sake tayar da maganar ba. A rana ta uku na fito daga makaranta na same shi tsaye a bakin ƙofa, ya sa rigarsa ta fita. Ya ce, "Muje ki nuna mini birin naki."

Matakalar benen ba ta da abin riƙewa, gwiwar Baba kuma ta daɗe tana damunsa. Ya hau yana dafa bango, yana tsayawa a kowane mataki na biyar, yana sukar aikin maginin don kada in ce hutawa yake yi. Da muka kai sama mutanen da ke wurin suka tashi suka ba shi bulon da ya fi kama sabis. Ya zauna, na tsuguna a gefensa. Bai damu da hotunan ba. Ya ce in karanta masa awo: faɗi, tsawo, girman taya, nauyin da yake ɗauka. Yana ji yana rubutawa da fensir a wani guntun katako da ya zo da shi a aljihu. Sai na gangara ƙasan shafin, inda waɗanda suka saya suke rubuta abin da suka gani. Wani ya yaba, wani ya ce fentin ya zo a kankare. Sai wata mata, ban san garinta ba, ban san ƙasarta ba, ta rubuta cewa ta saya wa mijinta ne, ƙofar banɗakinsu matsattsiya ce, shekara biyu tana yi masa wanka a gado, yanzu yana shiga. Ta ƙara da cewa birkin dama yana da tauri, sai an sa masa mai.

Baba ya ce in sake karantawa. Na sake. Sai ya ce, "Wannan ba talla take yi ba. Mai talla ba ya faɗin birki." Ya sa yatsa a kan fuskar wayar. "Nawa ne faɗinsa?"

"Ashirin da uku da rabi."

Ya duba guntun katakonsa, inda ya rubuta ashirin da huɗu. "Rabin inci ya rage. Ya isa."

Amma bai yarda mu saya a ranar ba. Ya ce mai zama a kai ba ta gani ba. Muka sauko da hotunan, ya zauna a bakin gadon Inna yana nuna mata ɗaya bayan ɗaya, shi da bai iya matsa hoto ba sai ya tura shi ya wuce biyu. Da farko ta kau da kai. Ya ce, "Tela, duba mana, ke ce mai ido. Ni in aka bar ni baƙi zan ɗauka." Ta juyo a hankali. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga hannun dama ta dangwala shuɗi. Rabon da ta zaɓi wani abu da kanta har na manta.

Washegari muka sake hawa, shuɗin ya ƙare. Hoton da ke wayata na jiya ne, kasuwar kuwa ba ta jira mu ba. Na fara masifa, Baba ya ce in yi haƙuri in duba wani shagon, ai ko a kasuwar gari ba rumfa ɗaya ba ce. Muka same shi a wajen wani mai sayarwa, iri ɗaya, awo ɗaya. Sau huɗu ina cika adireshi sabis yana ɗaukewa kafin in danna na ƙarshe. Layinmu ba shi da lambar gida, don haka muka zaɓi a ajiye a wani shago da ke tashar mota. A karo na biyar saƙo ya shigo cewa an karɓa. Baba ya ce in karanta masa, na karanta, ya ce, "To, Allah ya sa mu dace."

Kwana goma sha biyu ya ɗauka. Kullum da hantsi Baba zai rufe shago ya zo makaranta ya karɓi wayata, ya hau benen shi kaɗai, ya roƙi wanda ya samu a can ya duba masa inda kayan ya kai. Ya dawo ya ba Inna labari kamar mai bin sawun ɗan da ya yi tafiya: yau ya bar babban gari, yau ya kwana a hanya. Tana jin sa, na kuma lura ta daina juya wa ƙofa baya. A cikin kwanakin ya sassaƙa katako mai gangara ya ɗora a kan dokin ƙofar, ciki da waje, ya yi ta taka shi yana gwadawa.

Ranar Asabar aka kira mu daga tasha. Baba ya buɗe kwalin a gaban mai shagon, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya matsa tayoyin, ya zauna a kai da kansa ya yi gaba ya yi baya, sannan ya yarda aka biya. Bai tafi da tef ba, ya manta shi a aljihun rigar aiki saboda ɗoki. A hanya sai murmushi yake yi, yana cewa wanda ya yi waldar nan ya san aikinsa.

Muka iso gida, ya buɗe keken a tsakar gida, ya tura shi zuwa ƙofar Inna ba kowa a kai. Ya hau gangaren lafiya. Sai ƙarfe ya daki ƙarfe. Ya ja baya, ya daidaita, ya sake turawa. Ya sake dukan bakin ƙofar. Inna tana kwance tana kallonmu ta cikin ƙofar, keken shuɗi a tsakaninmu da ita.

Baba ya ɗauko tef ya auna keken daga gefe zuwa gefe. "Ashirin da huɗu da rabi," ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa. "Sun rubuta ashirin da uku da rabi."

Jinina ya hau. Na ce na sani, wallahi na sani, ɓarayi ne, yanzu zan hau benen in rubuta musu abin da ba za su manta ba, in gaya wa duniya maƙaryata ne, har matar nan mai birki ma da su aka haɗa baki. Na ɗauki mayafi ina neman takalmi. Baba bai ce mini na gaya miki ba, kuma wannan ya fi ƙona ni. Yana tsugune kawai da tef a hannu.

Sai muka ji Inna tana magana. Na tsaya.

"Malam," ta ce. Ta huta. "Tef... ɗinka."

"Me ya sami tef ɗina?"

"Guntu... ne."

Ya kalli tef ɗin, ya kalle ta. Na shiga ɗakina na ɗauko rular da nake ja wa yara layi a allo, na shimfiɗa ta a ƙasa, na ɗora kan tef ɗin a farkonta. Inda rula ta ce inci biyar, tef ɗin Baba ya ce shida. Ranar da kansa ya karye, ya datse inci guda ya mayar da ƙugiyar, shekara talatin da wani abu da suka wuce. Tun daga nan da shi yake auna gurbi, da shi yake auna katako, don haka duk abin da ya yanka yana shiga daram, ba abin da ya taɓa tuna masa. Ƙofar Inna ba ashirin da huɗu ba ce, ashirin da uku ce. Mutanen ba su yi ƙarya ko ta rabin inci ba.

Baba ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ke tun yaushe kika sani?"

Sai da ta ɗauki lokaci kafin ta haɗa maganar, mu kuma muka jira. Ta ce duk labulen da ya auno mata taga ta ɗinka, sai ta rage inci guda. Tun ina goye.

"Shi ne ba ki taɓa gaya mini ba?"

Gefen bakinta mai motsi ya ɗaga. "Kana... ji da shi."

Na fashe da dariya ina hawaye, kunya kuma ta rufe ni saboda zagin da na yi wa bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Baba bai yi dariya ba. Ya ce laifinsa ne, shi ya ja mana, kuma ga shi ya sa mata rai. Na ce ba komai, muna da kwana bakwai, sai mu mayar a canzo mana wanda ya fi siriri. Ya ce tafiya sha biyu, dawowa sha biyu, in ma akwai. Ya kalli Inna. Ni ma na kalle ta, na ga idonta ya fara komawa wajen bango, na gane ba ta da wasu kwana ashirin da huɗun da za ta bayar.

Ya jawo keken gabansa ya yi ta kallonsa, yana shafa shi da tafin hannu kamar yadda yake yi wa katako. A jikin kowace babbar taya, ta waje, akwai wani zoben ƙarfe da mai zama yake kamawa ya tura kansa. Ya karɓi rulata, ba tef ɗinsa ba, ya auna yadda zoben ya fito. Ya kusa inci guda. Ya leƙa ta ciki, ya ga noti shida ne suke riƙe da shi.

"Malama, miƙo mini ƙaramar sifana a jakata."

"Baba, in ka kwance shi ba za su karɓa ba fa. In bai shiga ba mun yi biyu babu."

"Na sani."

Na hagu ya kwance, ɓangaren da hannun Inna ba zai taɓa kamawa ba. Na dama ya bar mata. Ya jera notin shida a cikin murfin kwalba, ya jingine zoben a bango, ya miƙe yana dafa gwiwa. Ya tura keken a hankali. Na ji ƙarfe ya ɗan goga, ya bar siririn zane a fentin ƙofar, sannan keken ya shige ɗaki ya tsaya a gaban gado.

Na goge wa Inna fuska, na ɗaura mata ɗankwali, ta ɗaga hannu ta gyara shi da kanta domin nawa ɗaurin bai yi mata ba. Muka zaunar da ita a bakin gado, ni ta hagu shi ta dama, muka juya ta ta sauka a kan keken. Da Baba ya turo ta bakin ƙofa ta runtse ido ta ƙanƙame hannun kujerar, ta tuna faɗuwar da ta yi a nan. Baba ya sunkuya ya ce, "Tela, ina riƙe da ke." Manyan tayoyin suka hau gangaren suka sauka ba ko girgiza.

Ina gode wa Allah da ya nuna mini wannan yammacin. Ina gode wa ma'aikaciyar jinya, da mutanen da suka rubuta awo na gaskiya, da matar nan da ba zan taɓa sanin sunanta ba, wadda ta zauna ta rubuta zancen banɗakinta don wani ya amfana. Amma godiyata mafi yawa ga Baba take, mutumin da ya ajiye taurin kan shekara arba'in ya hau matakala da gwiwa mai ciwo.

Muka fito ƙofar gida. Hasken ya sa ta kare ido da hannu. Mai shagon da ke kallon gidanmu ya fara ganinta, ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsallako titi. Mata suka fara leƙowa, wata ta fito ba takalmi. Kafin ka ce me, an kewaye ta, ana ta sannu, ana ta barka. Tana bin kowa da ido. Ta ga an sare bishiyar da ke kusurwa, ta ga an yi wa gidan da ke gefe sabon fenti. Wata maƙwabciya ta matso da jaririn da aka haifa Inna tana kwance, har ya fara zama. Inna ta kama bakin rigarsa ta juya ta duba ɗinkin, ta taɓe baki, matan suka kwashe da dariya.

Mun fi awa guda a wurin. Mutane suka ragu, inuwa ta rufe layin, iska ta fara sanyi. Na ga kanta ya fara langaɓewa don gajiya. Baba ya zagaya bayanta ya kama hannuwan keken, ya ce, "To, ya isa haka na yau, mu shiga kada sanyi ya kama ki."

Ya tura, keken bai motsa ba. Ya duba birki, a sake yake. Sai muka ga hannunta na dama a kan zoben tayar, ta riƙe shi gam har jijiyoyin hannun sun fito.

"Ba... yanzu ba," ta ce.

Baba ya saki keken. Ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓa mata a kafaɗa, ya zauna a ƙasa kusa da tayar, suka ci gaba da kallon titi.